Daga Njamena zuwa Gwanzu: kilomita nawa, awa nawa, kuma ina sauran lokacin ke tafiya

In ka tambayi 'yan kasuwa huɗu masu zuwa Sin sarin kaya awa nawa ne daga Njamena zuwa Gwanzu, kana iya samun amsa huɗu. Wani zai ce sha huɗu, wani sha tara, wani ya ce ai kwana guda ne da awa biyu, na huɗun kuma, in mutumin Marwa ne a arewacin Kamaru, ya ce maka kwana biyu da ɗoriya. Babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko zaman cikin jirgi kawai ya ƙirga. Na biyu ya haɗa da jiran Adis Ababa. Na uku agogon da ke rubuce a tikiti ya duba bai cire bambancin lokaci ba. Na ƙarshe kuwa daga ƙofar gidansa ya fara lissafi. Duk wanda zai sa ranar ganin mai masana'anta, ko ya kama ɗakin otal tun daga gida, sai ya san wanne daga cikin lissafin nan yake yi.

Nisan kansa

Daga filin jirgin Hassan Djamous na Njamena zuwa filin Baiyun na Gwanzu, in aka bi miƙaƙƙen layi, kilomita 10,300 ne ko kusa da haka. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne, ke nan tafiyar ta ɗan haura rubu'in duniya. Njamena zuwa Jidda, tafiyar da alhazai suka sani, kusan kilomita 2,800 ce. Zuwa Paris kuma 4,250. Ta Gwanzu ta kusa ninka ta Jidda sau huɗu.

Miƙaƙƙen layin nan ba wanda ake ja da rula a taswirar bango ba ne, domin taswirar bango a shimfiɗe take, duniya kuwa a dunƙule. Samu taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka ɗora bakin zare a Njamena, ka ja shi ya yi tsam har Gwanzu. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Zai tashi daga Njamena ya nufi gabas maso arewa, kusan digiri 65 daga arewa, wanda kuma shi ne daidai alƙiblar mutanen Njamena. Zai ratsa arewacin Darfur, ya ƙetare Bahar Maliya ta wajen Jidda, ya bi ta saitin Makka, ya wuce ta Dubai da kudancin Pakistan, ya haura arewacin Indiya, sannan ya gangaro ta Myanmar ya shiga kudancin Sin. Wato wanda ya tsaya sahun salla a Njamena, Makka na gabansa, Gwanzu na can bayanta a kan layi ɗaya.

Babu jirgin fasinja da ke bin wannan layin daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ba don jirage ba za su iya ba: Boeing 787 na cin fiye da kilomita 13,000 da mai ɗaya. Matsalar fasinja ce. Babu isassun mutanen da za su riƙa cika babban jirgi daga Njamena zuwa Gwanzu sau da yawa a mako, shi ya sa kamfanoni ke kwashe mutane su kai su babbar tasharsu, su haɗa su da na Legas da Duwala da Kinshasa, sannan a cika jirgi ɗaya. Saboda haka nisan da za ka yi ya dogara ga inda za ka yada zango.

Ta Adis Ababa: Njamena zuwa Adis kusan kilomita 2,620, Adis zuwa Gwanzu kusan 8,040, jimla 10,660. Ƙarin bai kai 400 ba a kan miƙaƙƙen layi. Ta Alƙahira lissafin kusan ɗaya ne, wajen 10,600. Ta Istanbul ya kai 11,400. Ta Paris kuwa 13,700, ka je arewa sosai sannan ka dawo, ga kuma Faransa na neman bizar wucewa ta filin jirgi daga masu fasfon ƙasashen Afirka da dama. Ɗan kasuwa ba shi da abin da zai ci a wannan hanyar. Da hanyar Adis zan yi misali daga nan, tun da ita mutanenmu suka fi bi.

Yadda kilomita ke zama awa

Manyan jiragen dogon zango, irin su Boeing 787 da Airbus A350, suna gudun kusan kilomita 900 a awa in sun daidaita a sama, tsakanin mita 10,000 zuwa 12,000. Ƙanana irin Boeing 737 ba su cika wuce 850 ba. Amma jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa. Akwai ja da baya daga inda ya tsaya, da tafiya a hankali zuwa titin tashi, da jiran izini, da minti 20 zuwa 30 na hawa, da kusan rabin awa na saukowa. Lokacin da ke tikiti daga ture jirgi ne a filin farko zuwa tsayawarsa cak a na biyu.

Lissafi mai sauƙi da ba ya kuskure da yawa shi ne ka raba nisan da 850 in zangon mai tsawo ne, ko da 800 in gajere ne, ka ƙara rabin awa. Adis zuwa Gwanzu: 8,040 a raba da 850 ya ba da awa 9 da rabi, a ƙara rabin awa, awa 10. Njamena zuwa Adis: 2,620 a raba da 800, awa 3 da kwata, a ƙara rabin awa, kusan awa 4 saura kwata. Haɗa su, awa 14 ke nan a cikin jirgi. Da akwai jirgi kai tsaye, da awa 12 da rabi zuwa 13 zai yi. Ka ga yada zango a Adis bai ƙara wa zaman jirgi komai ba sai awa ɗaya da 'yan mintuna. Abin da yake ƙarawa shi ne jira.

Sai iska. Gudun 900 ɗin nan a cikin iska ake auna shi, ba a kan ƙasa ba, ita kuma iskar tafiya take yi. Mai kwalekwale a kogin Logone ya san wannan: tuƙi ɗaya ne, amma gangara da hawa ba su cin lokaci ɗaya. A ce iskar da ke saman hanyar tana kaɗawa gabas da kilomita 60 a awa. Mai zuwa Sin zai riƙa cin ƙasa 960 a awa, ya gama 8,040 cikin awa 8 da minti 22. Mai dawowa 840 zai riƙa ci, sai ya yi awa 9 da minti 34. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, bambancin fiye da awa guda.

An saba cewa tafiya gabas ta fi sauri, kuma haka ne a yawancin hanyoyin duniya, saboda kogin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama. Amma hanyar Adis zuwa Gwanzu tana da nata hali. Tana bi ta mashigin Aden, ta ƙetare Tekun Larabawa, ta shiga Indiya ta wajen Mumbai, ta fita ta wajen Kolkata, sannan Bangladesh da Myanmar. A lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar yamma na gangarowa kudu ta yi ƙarfi a saman Indiya da kudancin Sin, sai tafiya ta yi sauri, dawowa ta yi tsawo. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, iskar da ke saman Indiya da Tekun Larabawa juyawa take yi ta riƙa fitowa daga gabas, sai bambancin ya ragu ƙwarai, wani lokaci ma dawowar ta fi sauri. Shi ya sa wanda ya je a Janairu da wanda ya je a Agusta za su yi ta gardama, kowa da gaskiyarsa.

Abu na uku mai ƙara lokaci shi ne rufaffen sararin samaniya. Layin Njamena zuwa Adis ta kudancin Darfur da Kordofan yake bi, na Jidda kuma ya ratsa Sudan daga wannan gefe zuwa wancan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, jiragen da ke kauce wa samaniyar ƙasar sai sun yi kewaye, kuma duk kilomita 140 na kewaye minti 10 ne. Haka jiragen Turai masu zuwa Sin suka ƙara tsawo tun 2022 da aka rufe musu samaniyar Rasha, wani dalilin ke nan na barin hanyar Paris.

Agogo uku a tafiya ɗaya

Nan ne aka fi yin asara. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da abin zai faru ne. Tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. Habasha na gabanmu da awa 2, kamar Saudiyya. Sin na gabanmu da awa 7, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya suke bi, ba sa canza shi rani da damina.

Ga misali. Lokutan nan na tsara su ne don lissafi, ba jadawalin wani kamfani ba ne, amma sun yi kama da yadda tashar Adis ke aiki: jiragen yammacin Afirka su iso da maraice, na Asiya su tashi da tsakar dare.

Ka tashi Njamena ranar Talata ƙarfe 2:00 na rana. Bayan awa 3 da minti 50 ka sauka Adis. Agogon hannunka na cewa 5:50 na yamma, na filin jirgi na cewa 7:50 na dare. Ka jira awa 4 da minti 40, jirgin Sin ya tashi 12:30 na dare, wato Laraba ta riga ta shiga. Ya yi awa 10 da kwata, ya sauka Gwanzu ƙarfe 3:45 na yammacin Laraba. Wanda ya duba tikiti kawai zai ga daga 2:00 na Talata zuwa 3:45 na Laraba, ya ce awa 25 da minti 45. Cire 7, saura awa 18 da minti 45. Wannan ne ainihin tsawon tafiyar. Lokacin da kake sauka, a gida ƙarfe 8:45 na safe ne.

A dawowa lissafin juyawa yake. Ka tashi Gwanzu 12:30 na dare, ka yi awa 11, ka sauka Adis 6:30 na safe. Ka jira awa 3 da rabi, ka tashi 10:00, ka yi awa 4, ka sauka Njamena 12:00 na rana, duk a rana ɗaya. A tikiti kamar awa 11 da rabi ne. Ƙara 7, awa 18 da rabi. Dokar ita ce: in za ka gabas ka cire, in za ka yamma ka ƙara.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne jirgin 00:30. In tikiti ya ce tashi ranar 20 ga wata ƙarfe 00:30, to daren 19 za ka je filin jirgi, wajen 9:30 na dare. Wanda ya je daren 20 zai tarar jirginsa ya tashi tun jiya. Ba jirgin kaɗai ya rasa ba: a dokar yawancin kamfanoni, in ba ka hau zango ɗaya ba, sauran zangunan tikitin sokewa suke yi. Haka nan in ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Kuma ka duba lambobin filayen: NDJ Njamena, ADD Adis, CAN Gwanzu, wadda za ka ga an rubuta Guangzhou.

Wani abu game da Adis: mutanen Habasha na da nasu ƙirgen awa, wanda ke farawa daga wayewar gari. Abin da muke kira 7:00 na safe, su ƙarfe 1 ne a wajensu. Allunan filin jirgi da tikiti da irin agogonmu suke aiki, amma in ka kwana a otal ka tambayi direba ko mai gadi lokaci, tabbatar da wane ƙirge ya ba ka. Tazarar awa 6 ce, ta isa ta raba mutum da jirgi.

Jiran tsakiya

Awa 14 na sama ba ka da iko a kansu. Jiran tsakiya shi ne abin da kake zaɓa lokacin sayen tikiti, kuma a ganina shi ya kamata a fara dubawa kafin farashi. Tsakanin awa 2 da rabi zuwa 5 ya fi. Ƙasa da awa 2 kasada ce. Jirgin da zai ɗauke ka a Njamena daga Adis ya taso da safe, in ya makara a can, kai ma ka makara. Da hunturu akwai hazo, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wadda kan rage gani har a jinkirta sauka. Da damina akwai hadarin yamma. A Adis kuma sau da yawa jirgi kan tsaya nesa, a kwaso mutane da bas, a sake binciken jakar hannu, ga layi saboda jirage da yawa sun sauka a lokaci guda. Ƙofar shiga jirgi kuma kan rufe minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi. Jiran awa 1 da rabi a takarda yana iya zama minti 30 a ƙafa. Ko kai ka samu shiga da gudu, jakarka ba ta gudu.

Jiran da ya wuce awa 8 kuwa kwana ne. Ethiopian Airlines kan ba da otal ga mai jiran awa 8 zuwa 24 in tikitinsa ɗaya ne kuma babu jirgin da ya fi kusa, amma a tabbatar da wannan a ajans, wato ofishin sayar da tikiti, tun kafin a biya, a kuma karɓi takardar otal ɗin. Adis na kan tudu, sama da mita 2,300, dare na da sanyi ko a watan da Njamena ke haura digiri 40. Sa rigar sanyi a jakar hannu, ba a babbar jaka ba.

Tikitin ya zama ɗaya daga NDJ har CAN. Wasu kan sayi biyu daban don rangwame. In na farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, sai ka sayi sabo. Kuma dole ka fita ka karɓi jaka ka sake aunawa, abin da ke buƙatar bizar shiga ƙasar. In tikiti ɗaya ne, kamfani ne zai sa ka a jirgi na gaba. Lokacin awon kaya a Njamena, kafin jaka ta shige, dubi takardar da aka liƙa mata da idonka: CAN za ka gani a matsayin zangon ƙarshe. In ADD kaɗai aka buga, a Adis za ta tsaya. Ƙaramar takarda mai lambar jaka da za a manna maka a bayan katin shiga jirgi, ɗauki hotonta da waya.

Kafin jirgi da bayansa

Mutumin Njamena awa 3 kafin tashi zai isa fili, domin ana rufe awon kaya kusan awa guda kafin lokaci. Mutumin Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, gadar Ngeli kawai zai ƙetare, amma iyaka ce, akwai 'yan sanda da duwan, wato kwastan, a ɓangarorin biyu, kuma ba a ƙetare ta da dare. Jirgin asuba ko na tsakar dare na nufin a kwana a Njamena.

Daga Marwa zuwa Kuseri kusan kilomita 260 ne ta Mora da Waza da Dabanga. A takarda tafiyar awa 4 ce, amma halin hanyar, da shingayen bincike, da ruwan damina kan sa ta cinye wuni, kuma ba hanyar dare ba ce. Kada a haɗa ta da jirgi a rana ɗaya. Sai lissafin ya zama haka: ka bar Marwa Litinin ƙarfe 6:00 na safe, ka kwana Kuseri, ka ƙetare Talata da safe, ka tashi 2:00 na rana, ka sauka Gwanzu Laraba 3:45 na yamma. Shige da fice, ɗaukar hoton yatsu, jiran jaka da duwan, ba su awa 1 da rabi zuwa 2. Filin Baiyun na arewa da gari da kusan kilomita 30, zuwa unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi sauka a ba shi awa guda, ko a mota ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 sannan a canza zuwa na 5. Ka shiga ɗaki wajen 7:00 na dare, a Marwa kuma 12:00 na ranar Laraba. Awa 54 ke nan daga ƙofa zuwa ƙofa, 14 kacal a sama.

Mutumin Garwa na da zaɓi biyu. Ko ya ƙara kilomita 200 da 'yan kai na Garwa zuwa Marwa a kan waccan hanyar, ko ya hau jirgin cikin gida zuwa Duwala ko Yawunde. Garwa zuwa Duwala kusan kilomita 720 ne ta sama, Duwala zuwa Adis 3,260, jimlar tafiyar ta kai 12,000. Ta fi nisa, amma ba iyakar ƙasa, ba hanyar Waza. Sharaɗin shi ne a bar kwana guda tsakanin jirgin cikin gida da na waje, tun da yawanci tikitinsu daban ne.

Takardu ma lokaci ne. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla. Allurar shawara ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya, katinsa bai fara aiki ba tukuna. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi a Gwanzu tun 1957, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kujeru kan yi wuya, otal ya yi tsada, layin shige da fice ya yi tsawo. Sabuwar shekarar Sinawa kuwa, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da kasuwanni rufewa suke yi na makonni. Wanda ya je a lokacin ya yi tafiyar banza.

Salla da barci

Mai tafiya gabas rana yake tara. Tsakanin Adis da Gwanzu akwai bambancin kusan awa 5 a tafiyar rana, jirgi kuma na cinye su cikin awa 10, ke nan duk awa ɗaya da ka zauna, rana ta yi gaba da awa ɗaya da rabi. In an tashi 12:30 na dare, alfijir zai keto bayan kamar awa 3, jirgi na saman Tekun Larabawa, daidai lokacin da aka kashe fitilu aka rufe tagogi kowa na barci. Tsakanin alfijir da fitowar rana ma gajarta yake yi, bai cika kai awa guda ba. Wanda ya dogara da agogon wayarsa zai farka ya tarar rana ta take. Ɗaga murfin taga kaɗan ka duba gabas, shi ne ma'auni. Yi alwala a Adis kafin shiga, domin banɗakin jirgi ƙarami ne kuma ba a son a jiƙa ƙasansa. Azahar kan shiga kafin a sauka. Hukuncin kasaru da haɗa salla da yin ta a zaune, a tambayi malami kafin tafiya. A mazhabar Malikiyya dai wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ya daina kasaru. In ka isa Gwanzu, alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa.

Dawowa akasin haka ce. Jirgi na gudu tare da dare, ka yi mafi yawan awa 11 ɗin cikin duhu, alfijir bai keto ba sai an kusa Adis. Mai azumi ya lura: wunin tafiya gajere ne, wunin dawowa kuwa in an yi shi da rana yana ƙaruwa da awowi.

Jiki ba ya canza agogo da sauri kamar waya. Bambancin awa 7 kan ɗauki kwanaki kafin ya daidaita, kusan awa ɗaya a kowace rana. Ƙarfe 11:00 na dare a Gwanzu jikinka na ganin 4:00 na yamma ne, barci ya ƙi zuwa. Ƙarfe 9:00 na safe, lokacin buɗe kasuwa, shi kuma 2:00 na dare yake gani. Kada ka sa babban ciniki, musamman mai lissafin kuɗi da ƙirgen katan, a safiyar farko. Ka daure kada ka kwanta da zarar ka sauka, ka bari sai dare, washegari ka fita cikin hasken rana daga hantsi zuwa yamma.

A cikin jirgi iska busasshiya ce kamar ta hunturu, sha ruwa a kai a kai. Zaman da ya wuce awa 4 na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, don haka a miƙe a taka duk bayan awa 2, a riƙa motsa sawu a zaune. Kujerar gefen hanya ta fi ta taga ga mai yawan tashi. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sa maganinsa a jakar hannu, ya kuma riƙa ƙirga tazarar shan magani da awa, ba da agogon garin da ya sauka ba. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan tafiya, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take.

Ranar dawowa

Ka isa filin Baiyun awa 4 kafin tashi in kana da kaya da yawa. Layin jiragen Afirka dogo ne, kowa da ƙarin kaya, ana ta buɗe jaka ana rage nauyi a gaban ma'auni. Yawancin tikitin wannan hanya jaka 2 ne masu kilo 23 kowace, da ta hannu kilo 7, amma abin da ke rubuce a naka tikitin shi ne hujja. Auna a otal. Fawa banki da batiran waya ba sa shiga babbar jaka: in na'ura ta gan su, za a kira ka ka buɗe, ko a ajiye jakar jirgi ya tafi ya bar ta. A hannu ake riƙe su, kuma iyakar da ba ta buƙatar izini ita ce 100Wh, kusan 27,000mAh. In za ka hau jirgin cikin gida a Sin, misali zuwa Yiwu, tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin fawa bankin da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin.

Daga Afrilu zuwa Yuni Gwanzu na fama da hadari da ruwa mai ƙarfi, daga Yuli zuwa Satumba kuma guguwar teku, duk suna jinkirta tashi. Jinkirin awa 3 a can ya isa ya sa ka rasa jirgin safe na Adis, ka kwana. Saboda haka kada ka ce wa mai mota ya jira ka a Kuseri a kan awa, kuma kada ka sa ɗaurin aure ko wani alkawari washegarin ranar da tikiti ya ce za ka sauka.

In ka tsaya a bel ɗin kaya a Njamena har ya daina juyawa jakarka ba ta fito ba, kada ka bar fili sai ka je teburin kamfanin an cika maka takardar ɓatan kaya, an ba ka lambar bibiya. Za su nemi ƙaramar takardar nan mai lambar jaka, da katin shiga jirgi, da lambar waya. Ba su wadda ke aiki a Chadi, ko ta wani ɗan'uwa da ke Njamena, domin layin Kamaru ba lallai ya shiga ba. Yawanci jakar na biyo jirgi na gaba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, jakar da ta kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukarta ta ɓata, a nemi diyya, wadda ta iso a fashe kuma kwana 7 kake da su ka kai ƙara a rubuce. Mutumin Marwa ko Garwa ya bar wa wanda zai karɓar masa kwafin fasfo da takardar wakilci mai sa hannu kafin ya ƙetare gada.